Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Lissafin Kwanakin Gini

Ya kai mai karatu, ka taɓa ganin an sa ranar tarewa a sabon gida, ranar ta zo ko kwano ba a buga ba? Ga kuɗin haya ya ƙare, ga mai gida yana neman ɗakinsa. Sau da yawa ba lalacin magina ba ne, lissafin ne aka yi shi babu rara.

Ka sani shi gini aiki ne mai bin juna. Sai an zuba harsashi birkila zai ɗora bulo, kuma sai bango ya tashi kafinta zai hau. To, in tifar yashi ta makara kwana uku, kowa ya makara kenan, har mai fenti.

Akwai jinkirin da aka san da shi tun farko. Kankare yana son a yi ta ba shi ruwa kamar kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake bukata. Wanda ya matsa masa, sauri ya haifi nawa. Haka nan ruwan watan Agusta kan tsayar da aiki, leburori kuma su tafi gona.

Akwai kuma wanda ba ya sallama: magini ya kwanta ciwo, siminti ya yi tsada, ko a tarar da dutse wajen haƙa.

Kada ka ɗauka ƙananan gine-gine kaɗai abin ke samu. Dubi Abuja. A 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, aka yanke shawarar gina ta, aka yi shirin komawa a 1986. Sai kuɗin man fetur ya faɗi, aiki ya ja baya. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba, 1991.

To mene ne abin yi? In magini ya ce wata huɗu, kai sa biyar ko shida a ranka. Ka ware wani abu daga kuɗin, ko da kashi goma cikin ɗari ne, kada a taɓa sai ta ɓaci. A yi ƙoƙarin yin rufi kafin damina ta sauka. Kuma kada a saki gidan haya ko a sa ranar biki sai an ga ƙofa da taga sun hau.

Yara, ku karanta wa iyayenku wannan. Ku ma ku riƙe shi wajen shirin jarrabawa. Allah ya sa mu dace, amin.