Dutsen Bagale da Kogin Binuwai

Wanda duk ya tsaya a Damare da marka, sa'ad da Binuwai ya cika ya batse, ruwa ya malale fadamu har ya shanye gonakin masara na bakin gaɓa, idan ya ɗaga kai ya dubi Dutsen Bagale yana tsaye baƙi ƙirin a cikin hazon ruwa, lalle zai yi tsammanin wata jazira ce yake hange a tsakiyar bahar. Mu mutanen Adamawa ba mu da teku, balle tsibiri irin na Gore da ke gaban Dakar, wanda Turawan Fotugal da na Holan da Faransa da Ingila suka yi ta karɓe-karɓensa da igwa. Amma Allah ya ba mu dutse da kogi, su kuwa sun ga yaƙin da ya isa a ba da labari.

Shi wannan kogi daga tsaunukan ƙasar Kamaru ya taso, ya yi tafiyar kilomita wajen 1,400 kafin ya sadu da Kwara a Lokoja, sunansa kuwa an ce daga harshen Bata ya fito, ma'anarsa uwar ruwa. Dutsen yana arewa da shi, Yola tana kudu. To, a kan dutsen nan mutanen Bata suka kafe, suna da rumbuna da mafaka a tsakanin duwatsu, alhali ƙarfin Fulani duka a kan doki yake. Doki kuwa, kome kyawun lifidinsa, idan ya iso gindin dutse sai mahayi ya sauka ya hau da ƙafa, kibiya tana zubo masa daga bisa.

Saboda haka Modibbo Adama, wanda ya karɓo tutar jihadi daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya bar Gurin, daga bisani ya kafa Yola a 1841, ya buɗe ƙasashe masu nisan tafiyar kwanaki, amma har Allah ya karɓi ransa a 1847 dutsen da ake hangowa daga bayan garinsa bai miƙa wuya ba. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda ya shigo Yola a watan Yuni na 1851, Lamiɗo Lawal, magajin Adama, ya sallame shi bayan 'yan kwanaki kaɗan, ya tarar da mutanen Bagale suna cin gashin kansu. Lawal ne ya gane cewa abin da sukuwa ta kasa, haƙuri zai iya: ya tsallaka kogi, ya kafa ribaɗi a Girei, ya tsare hanyoyi da gonakin gindin dutse, har Bagale ya faɗi a 1853. Ni a ganina wannan dabara ta fi yawancin yaƙe-yaƙen da ake yi wa kirari.

Abin mamaki, kogin da ya zama wa Yola ganuwa ta fuskar arewa shi ne ya zama ƙofar da Nasara suka shigo. Tun kafin yaƙi, kamfanin Turawan Ingila na Kwara yana ciniki a bakin ruwa, wani hafsan Faransa kuma mai suna Mizon ya zo ya bar wa Lamiɗo Zubairu, mai sarauta a lokacin, igwa biyu. Zubairu mutum ne mai ilmi da tsananin kishin addini, bai yarda ya sayar da amanar Sarkin Musulmi ba, ya kuwa matsa wa 'yan kamfani lamba. Nasara kuma suka yi shiru har ruwa ya cika, gama jirgin wuta ba ya iya hawowa Yola da rani, lokacin da yashi ke fitowa tsibi-tsibi a tsakiyar kogi, yara suna tsallakawa da ƙafa. Ran 2 ga Satumba 1901 Kanar Morland ya iso daga Lokoja da jirage da soja fiye da 300. Aka gwabza a ƙofar fada da wajen masallaci, igogin nan na Mizon suka yi wa Zubairu aiki, tare da waɗansu 'yan bindiga ragowar rundunar mayaƙin nan Rabe, amma kafin rana ta faɗi gari ya faɗa hannun Nasara. Zubairu ya fita, ya kara da Jamus a Garwa da Marwa, bai daina faɗa ba sai da aka kashe shi a 1903 a wajen Gudu. Ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu aka naɗa a gurbinsa tun bayan fitarsa daga Yola.

Yau gada ta haɗa Jimeta da tsallake, ɗan makaranta yana ratsa uwar ruwa a cikin keke mai ƙafa uku ba tare da ya jiƙa takalmi ba, madatsar Lagdo kuma, wadda aka gama a 1982, ita ke sa mutanen Damare kwana da ido ɗaya idan an ce an sako ruwa. A Damaren nan ne sansanin masu yi wa ƙasa hidima ya zama masaukin 'yan gudun hijira a 2014. Mai karatu, in hanya ta kai ka Girei, ka ce wa direba ya sassauta a kan gada, ka dubi dama: dutsen yana nan.