Fiyanonka Lafiyarsa Ƙalau, Kai Ne Ka Jibga Masa Kaya

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin matasan makaɗan fiyano, a situdiyo da gidajen biki da majami'u. Wai fiyano ya fara "cinye sauti", don haka ko ya lalace, ko kuma jabu aka sayar musu. Sai ka ga yaro ya kinkimi kayan da ba su shekara ba ya kai wa mai gyaran rediyo, a kwance, a hura, a goge, a mayar, matsala na nan daram. Wani kuma ya karyar da shi rabin kuɗi, ya ci bashi ya sayo babba, kafin wata ya zagayo babban ma ya soma. Gaskiya abin ya ishe ni, domin mafi yawan waɗannan fiyanoni ba abin da ya same su.

A taƙaice, tun 1983 da aka tsayar da ƙa'idar MIDI, kowane maɓalli yana da lamba tsakanin 0 da 127. Maɓallin C na tsakiya shi ne 60, fiyano mai maɓallai 61 kuwa daga 36 yake farawa ya tsaya a 96. Kowane bugu ma yana da awo daga 1 zuwa 127, gwargwadon saurin da maɓallin ya sauka. Yanki shi ne ka iyakance wa murya: daga wannan maɓalli zuwa wancan kaɗai za ki yi magana, ko kuma sai bugu ya kai ƙarfi kaza za ki fito.

To, ina sautin yake tafiya? Kowane fiyano yana da iyakar sautukan da zai iya fitarwa a lokaci guda. Yamaha PSR-E373 48 ne, manya irin su PSR-S670 da SX700 kuwa 128. Mai kayan ya ji 128, ya dubi yatsunsa goma, ya ce ai har abada ba zai ƙure shi ba. A nan kuskuren yake. Lissafin ba na yatsu ba ne. Muryar da kake ji kamar guda ɗaya, sau da yawa gutsattsari biyu ko huɗu aka haɗa ta ba da ita. A kan MODX da Montage murya ɗaya tana iya ɗaukar har takwas. Ka ce ka ɗora muryoyi huɗu, kowace mai gutsure biyu: maɓalli ɗaya ya ci takwas ke nan. Hagu ta danna uku, dama ta danna huɗu, an tafi 56. Ƙafarka na kan feda, ba ka saki ba ka sauya zuwa haɗi na gaba, an kai 112. Ga ganga da bes na kiɗan rakiya suna gudu a ƙasa, su ma daga tukunya ɗaya suke ci. Idan wuri ya ƙare, na'urar ba ta tsaya neman izininka, sai ta kashe tsohon sauti ta bai wa sabo gurbi. Haka aka ƙera ta. Ko daga Japan ka ɗauko ta da hannunka, haka za ta yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne tunanin da ke haddasa wannan lodi, wato wai yawan muryoyi shi ne kaurin sauti. Ina! Miya ba ta yin daɗi don an zazzage mata duk kayan ƙamshin da ke kicin. Goge-goge da kakaki da fiyano duk su taru a maɓallan ƙasa inda bes ke zaune, abin da lasifika zai fitar gurnani ne, mawaƙi ya yi ta ɗaga murya har ta dushe, mai haɗa sauti ya sha zagi ba laifinsa. Yamaha DX7 na 1983 da Korg M1 na 1988 sautuka 16 kacal suke fitarwa lokaci guda, amma da su aka yi kaɗe-kaɗen da duniya ke saurare har gobe. Sai kuma masu kashe Touch don wai kada sauti ya riƙa hawa da sauka. Wanda ya kashe shi ya mayar da kowane bugu lamba ɗaya, ya toshe wa kansa rabin abin da ya biya kuɗi ya saya. Lalaci ne kawai, gudun horar da yatsu.

Eh, akwai lalacewa ta gaskiya: ƙurar hunturu takan shiga ƙarƙashin robar maɓalli, alamarta kuwa maɓalli ɗaya ne zai mutu ko ya riƙa tsawa ko da murya ɗaya aka kunna.

Ga yadda za ka yi. Fara da murya guda, wadda ita ce ƙashin bayan waƙar, ka kashe sauran. Daga nan sai ka ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya: bes ka ba shi daga ƙasa zuwa 54, wanda dama nan ne Yamaha ke raba hagu da dama a PSR tun daga kamfani. Muryar fiyano ta ɗauka daga 55 zuwa sama. Goge-gogen da ke shimfiɗa a baya ka tsare su a tsakiya, kamar 55 zuwa 79, ka rage musu ƙara har sai ka kashe su sannan za ka gane suna nan. Sarewa ko muryar da ke bin baitin mawaƙi ta zauna daga 72 zuwa sama. Yanzu muryoyi kaɗan ne suke haɗuwa a kowane wuri, kuma kai ka zaɓi wuraren.

Sannan ka koma kan ƙarfin bugu. Kakaki, alal misali, ka sa masa 100 zuwa 127, ya yi shiru a baiti, ya fashe a amshi lokacin da hannu ya ɗauki zafi. Amma kada ka kwafi lambar wani. Ka ɗauki kiɗanka a kwamfuta ka duba lambobin da yatsunka ke bayarwa. Wani ko ya daka da ƙarfi da ƙyar yake wuce 95, to shi iyakarsa ta sauko. Idan muryoyi biyu za su yi karɓa-karɓa, ɗaya ta tsaya a 99, ɗaya ta fara daga 100. In ka bar rata, bugun da ya faɗa cikinta shiru za ka ji, ka sake cewa kaya sun lalace. In na'urarka na da saitin da ke sa wata murya ta riƙa dusashewa yayin da wata ke shigowa, kamar Slope na Korg, yi amfani da shi don kada a ji wurin ɗinki. A Yamaha irin su MODX da Montage ka nemi Note Limit da Velocity Limit, a Korg kuwa Key Zone da Vel Zone. Ka lura, C na tsakiya Yamaha C3 ke kiransa, Roland C4, don haka ka danna maɓallin ka ji da kunnenka kafin ka amince da rubutun allo. Cire wa bes da sarewa feda, ba sa bukatarta. Ƙananan PSR kuwa Dual da Split kaɗai gare su, wanda ke son fiye da haka sai ya haɗa da kwamfuta ya yi yankunansa a manhajar Kontakt. Ka adana saitin da suna kafin wuta ta ɗauke.

Don Allah, kafin ka sake ɗora fiyano a kan babur zuwa wurin mai gyara, kashe duk muryoyin ka bar ɗaya, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi. In duk sun amsa, ajiye kuɗinka ka zauna ka raba yankuna.