Mai Masaukin Gasa da Haƙƙin Ɗan Ƙodago

Ran 22 ga Maris 1980, a babban filin wasa na Surulere a Ikko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofin ƙasashen Afirka bayan Nijeriya ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya, kuma farin cikin wannan rana ya kai har ƙasar Shagari da Kajiji da Boɗinga ta akwatin rediyo. A wancan zamani, abin da galibi ake tambayar ƙasar da ta nemi karɓar baƙuncin gasa bai wuce filaye da masaukai da hanyoyi ba. Yau kuwa an ƙara mata wata tambaya mai nauyi, wato yadda take riƙon mutanenta da baƙin da ke yi mata aiki. Kuma tun da samarinmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo da dare su ne dai ke ɗaura kaya su tafi cirani da rani, lalle mas'alar ta shafe mu fiye da yadda muke zato.

Asalin sukar masu masaukin gasa daɗaɗɗe ne. Musolini ya yi amfani da gasar duniya ta 1934 don ƙawata mulkinsa a Italiya, sojojin Ajantina kuma sun shirya ta 1978 alhali suna azabtar da fursunonin siyasa a wata makarantar sojan ruwa da ba ta da nisa da filin da aka yi wasan ƙarshe. Amma ba sai mun je nesa ba, domin mu ma mun ɗanɗana. Nijeriya aka ba gasar matasa ta duniya ta 1995, sai hukumar FIFA ta janye ta saura kaɗan a fara, bisa hujjar tsoron sanƙarau da kwalara, ta mayar da ita Ƙatar. Mutane da yawa suka ce uzuri ne kawai, mulkin Janar Sani Abacha ake ƙyama. Wataƙila akwai wannan. Sai dai a shekara mai bi sanƙarau ya kashe fiye da mutum dubu goma, mafi yawansu a Arewa, wanda ya nuna cewa mai suka, ko da niyyarsa gurɓatacciya ce, yana iya faɗin gaskiya. Ran 10 ga Nuwamba 1995 kuma aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, Nelson Mandela ya yi kakkausar magana, gwamnatin soja ta fusata ta hana 'yan wasanmu zuwa Afirka ta Kudu kare kofin da suka ci a Tunisiya a 1994, hukumar ƙwallon Afirka ta hukunta mu da haramcin gasar 1998. Sai a 1999, bayan rasuwar Abacha, gasar matasan ta zo, aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi.

Wadda ta fi shan suka a tarihin wasan ita ce Ƙatar, tun daga Disamba 2010 da aka ba ta gasar 2022. Ƙasa ce mai yalwar dukiya da ƙarancin jama'a, saboda haka filaye da tituna da jirgin ƙasa da otal-otal duk hannun baƙi ne ya gina su, mutanen Nepal da Indiya da Bangaladesh da Pakistan, da 'yan Afirka daga Kenya da Yuganda da Gana. Tsarin da suka shigo ƙarƙashinsa shi ne kafala, wanda ya ɗaure izinin zaman ma'aikaci da sunan ubangidansa. Ga yadda abin ya riƙa kasancewa: mutum ya sayar da gona ko ya ci bashi ya biya dillali, ya sauka a filin jirgi a karɓe fasfonsa, ya tarar albashin bai kai abin da aka faɗa masa a gida ba, a kwantar da shi da mutum takwas ko goma a ɗaki guda, ya yini yana ɗaukar ƙarfe a zafin da ya fi na bazarar Sakkwato tsanani saboda tururin teku, idan aka riƙe masa albashin wata uku ya bar aikin, ubangida ya kai rahoton ya gudu, nan take ya zama mai laifi a idon hukuma, ba ya iya kama wani aiki, ba ya iya komawa gida.

A kan adadin waɗanda suka mutu an yi saɓani mai faɗi. Jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito a Fabrairu 2021 cewa fiye da ma'aikata 6,500 daga ƙasashe biyar na Asiya sun mutu a Ƙatar cikin shekaru goma, amma lissafin ya haɗa kowace irin mutuwa, ba ta wurin ginin filaye kaɗai ba. Masu shirya gasar suka ce mutum 37 ne cikin ma'aikatan filaye, uku kawai a bakin aiki. Daga baya babban sakataren kwamitin shirya gasar, Hassan al-Thawadi, ya ambaci tsakanin 400 zuwa 500 a ayyukan da suka danganci gasar. Dalilin wannan tazara shi ne yawancin gawarwakin ba a bincika sababin mutuwarsu ba, an rubuta tsayawar zuciya ko ajali kawai, kuma wanda aka rubuta wa haka iyalinsa ba su da diyya. A ganina wannan ya fi kowane adadi muni, domin an hana maraya hujjar da zai nemi haƙƙinsa da ita.

Masu kare Ƙatar suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce Turawan da ke wa'azi su ne ke barin 'yan Afirka suna nutsewa a Bahar Rum, kamfanoninsu kuma na cikin masu kwangilar; sun ce wani sashe na sukar ƙyamar Larabawa da Musulunci ce aka lulluɓe da mayafin tausayi, musamman da aka cakuɗa batun lebura da batun giya da wasu ɗabi'u da shari'a ta hana. Shugaban FIFA, Gianni Infantino, ya faɗi kusan haka a Doha ana gobe za a fara wasa. Na yarda akwai munafunci, kuma na san wannan magana ta yi wa mutanenmu daɗi. Sai dai duk ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanta babin ijara a Risala ko Muhtasar ya san cewa ladan aiki sananne da wa'adi sananne sharaɗi ne, kuma riƙe ladan ɗan ƙodago zalunci ne ko da wane ne ya tona shi. Alƙali ba ya korar ƙara don mai kawo labarin fasiƙi ne. Bincike yake yi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ya lissafa laifuffukan sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi, cin dukiyar talakawa na cikin abin da ya fi tsanantawa a kai, alhali sarakunan nan suna kiran kansu Musulmi.

Sukar kuwa ta yi amfani. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofishi a Doha a 2018, aka soke neman izinin fita ƙasa ga yawancin ma'aikata, a 2020 aka halatta sauya ubangida ba da yardarsa ba, aka kuma ƙayyade mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata ban da kuɗin abinci da masauki. Aiwatarwa ta yi rauni, kuma dala miliyan 440 da Amnesty International da wasu suka nemi FIFA ta ware don diyya ba a ware su ba, duk da ta samu kimanin dala biliyan bakwai da rabi a shekaru huɗun da suka ƙare da gasar. Amma da an yi shiru, ko wannan ɗan abin da ba a samu ba.

Yanzu ga Saudiyya, wadda aka ba gasar 2034 ran 11 ga Disamba 2024 ba tare da abokin takara ba, za ta yi ta a filaye goma sha biyar, mafi yawansu ba a gama ginawa ba. Nan maganar ta zo gida, domin ƙasa ce da Hausawa suka san hanyarta tun zamanin tafiyar ƙafa ta Sudan, kuma da wuya a sami gari a ƙasar Sakkwato da ba shi da ɗa ko 'ya a can, wasu da iƙama, wasu 'yan takari masu ɓuya daga jami'an tsaro. A Janairu 2021 an kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya daga wuraren tsare baƙi na can bayan hotunan halin da suke ciki sun bazu. Gyaran dokar aiki da Saudiyya ta yi a Maris na shekarar bai haɗa da masu aikin gida da makiyaya da direbobin gida ba, waɗanda mutanenmu da dama ke cikinsu. Girman Haramaini a zukatanmu ba ya hana mu tambayar ɗan kwangila a Riyad ko Jidda ya biya lebura, hasali ma shi ya kamata ya ƙarfafa mu.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane su sa ido a kan dillalan da tabbas za su shigo ƙauyuka da alkawarin aikin filin ƙwallo, ofishin jakadancinmu kuma ya riƙa neman binciken likita a kan kowace gawar ɗan ƙasa kafin a binne ta. Hakimai da limaman Juma'a na Kajiji da Shagari da Boɗinga su ma suna da nasu: kada uba ya jinginar da gonar fadama don biyan dillali sai an kawo takardar yarjejeniya, wanda ya san Larabci ya karanta ta a gaban shaidu, an ga sunan kamfani da adadin albashi da wa'adi da wanda zai biya kuɗin jirgin dawowa.