Me Ya Sa Shafi Ke Fitowa Tsirara a Kewayen Sirri?

Ɗalibin da ya ari wayar wani a Zagga, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, don duba sakamakon JAMB, yakan buɗe kewayen sirri, wato abin da Chrome ke kira Incognito, gudun kada ya bar sawu. Sau da yawa sai shafin ya fito masa kamar figaggiyar kaza: ga rubutu, amma babu launi, babu tsari, maɓallan sun watse.

Shafin intanet tamkar jikin dabba yake. Akwai ƙwarangwal, wato rubutun HTML, akwai kuma fata da gashi, wato CSS, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa ta farko a 1996. Kowanne daban yake isowa waya. A yadda aka saba, burauza takan adana fatar a rumbunta, ta ɗauko ta a ziyara ta gaba. Kewayen sirri kuwa da rumbu wofi yake farawa, don haka dole a sake jawo komai daga tushe. A ƙauyukan da ke dab da iyakar Binin, inda layin sadarwa ke zuwa yana ɗaukewa, ƙwarangwal mara nauyi kan iso, fata ta maƙale a hanya.

Sai kuma batun kukis, 'yan guntayen bayanan da Lou Montulli ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape a 1994. A cikinsu wasu shafuka ke rubuta cewa wannan baƙo fasalin waya ya zaɓa, ko launi mai duhu. Kewayen sirri ba ya karanta tsofaffin kukis, sai shafi ya ɗauki mutum baƙon yau.

Wani laifin na maginan shafi ne, kuma sakaci ne. Safari, wadda ta kawo wannan tsari a 2005, ta daɗe tana hana shafuka ajiye komai a ma'ajiyarta cikin kewayen sirri, har zuwa 2017. Shafin da bai yi tanadin wannan ƙi ba sai ya tsaya cak. Firefox ma tun 2015 take tare masu bibiyar mutane, wani lokaci adon shafi ya tafi tare da su.

Malamai su lura: ɗalibin da ke cike fom ya rufe kewayen sirri, abin da bai aika ba ya tafi ke nan. Sirrin ma ga mai wayar kaɗai ya tsaya. MTN ko Airtel na sane da gidan da aka ziyarta.