Shin rana za ta iya faɗin shekarun kaburburan duwatsun da ke arewa da Damargu?

Duk manomin da ya saba sammako zuwa gona a Ollelewa, cikin gundumar Tanut ta jihar Damagaram, ya san rana ba wuri ɗaya take ɓullowa ba. A tsakiyar hunturu takan fito ta gabas maso kudu. Daga nan kullum sai ta ɗan gusa arewa, har zuwa wajen 21 ga watan Yuni, lokacin da ake sauraron ruwan shuka, inda take kai iyakarta. Takan yi kamar ta tsaya na ’yan kwanaki, sannan ta juyo.

Sama da shekara ɗari da suka wuce, wasu masana a Birtaniya sun ce da wannan kai-da-komo na rana za a iya gano shekarun gine-ginen duwatsu da mutanen dā suka bari ba tare da rubutu ba. Maganar ta shafi Nijar kai tsaye, domin a arewa da Damargu akwai dubban kaburburan duwatsu da suka girmi zuwan Musulunci, kuma da yawa daga cikinsu gabas suke kallo.

Abin da ke kan hanyar arewa

Wanda ya tashi daga Ollelewa, ƙaramar hukumar da matatar mai ta SORAZ take, ya miƙi hanyar Agadas, zai wuce Tanut da Aderbissinat kafin ya kai gaɓar dutsen Tigidit. Daga wannan yanki zuwa duwatsun Abzin da hamadar Tenere, haka kuma a Termit da ke gabas, ana cin karo da tulin duwatsu da hannun mutum ya jera. Abzinawa na kiran su idebnan.

Siffofinsu sun bambanta. Akwai tsibi zalla, akwai mai rami a ka, akwai mai kama da jinjirin wata, akwai mai hannuwa biyu dogaye da suka buɗe. Waɗanda suka fi jan hankali su ne masu zagayen duwatsu da siririyar hanya da ta ratsa zuwa tsakiya. Idan aka hango su daga sama sai su yi kama da ramin zura makulli.

Bafaranshen nan François Paris ya shafe shekaru yana haƙa irin waɗannan kushewu a Nijar, ya kuma wallafa sakamakon aikinsa cikin juzu’i biyu a 1996. Wani mai binciken, Yves Gauthier, ya auna inda masu siffar makulli suke fuskanta a sassan Sahara, ya ga mafi yawansu na kallon gabas ne, cikin iyakar wuraren da rana da wata ke fitowa. Ke nan ba da ka aka jera su ba. Sai tambaya ta biyo baya: tun da sama suke kallo, ko sama za ta iya faɗin lokacin da aka gina su?

Yadda dabarar take

Duniya a karkace take zagaya rana, kuma wannan karkata ce ke kawo sauyin yanayi a shekara. A yau ta kai digiri 23.4, amma ba a tsaye take ba. Tana kaiwa da komowa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 cikin kimanin shekara 41,000. Shekara 5,000 da suka wuce tana wajen digiri 24.

Ma’ana, iyakar da rana ke kaiwa a watan Yuni a wancan zamani ta ɗan fi ta yau nisa zuwa arewa. Idan magina sun saita gininsu daidai da fitowarta a wannan lokaci na shekara, tazarar da ke tsakanin saitinsu da inda take fitowa yanzu za ta iya zama agogo. A auna tazarar, a yi lissafi, a samu shekaru.

Darasin Ingila da Wales

Wanda ya shahara da wannan dabara shi ne Norman Lockyer, masanin taurari kuma editan farko na mujallar kimiyya ta Nature. A 1901, shi da Francis Penrose suka auna Stonehenge, sanannen zagayen duwatsun nan na kudancin Ingila, wanda aka ɗauko ƙananan duwatsunsa daga tsaunukan Preseli na yankin Wales. Suka ce an gina shi wajen 1680 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da yiwuwar kuskuren shekara 200 gaba ko baya. Binciken da ya biyo baya ya nuna an kafa manyan duwatsun ne wajen 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Lissafin nasu ya kauce da kusan shekara 800.

Sai dai Lockyer bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. A tsibirin Anglesey na Wales akwai wani kabari mai suna Bryn Celli Ddu, mai siririyar hanya da ta shiga har ɗakin da ke tsakiya. Lockyer ya ce an saita hanyar ce da fitowar rana ta tsakiyar watan Yuni, masana tarihin Wales na zamaninsa suka yi watsi da maganar. A 2005, Steve Burrow na gidan tarihin ƙasa na Wales ya je da asuba, ya ga hasken ya bi ta hanyar ya shiga ɗakin. Saitin gaskiya ne. Amma shekarun kabarin, kimanin 5,000, daga gwajin gawayi da ƙonannun ƙasusuwan da ke wurin aka samo su.

Lissafin a Ollelewa

A ƙasar Hausa dabarar ta fi rauni, kuma dalilin na lissafi ne. Ollelewa tana wajen digiri 14 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. A nan, ranar 21 ga Yuni, rana na fitowa kimanin digiri 24 arewa da ainihin gabas. Shekara 5,000 da suka wuce, wurin fitowar ya bambanta da na yau da kaɗan fiye da rabin digiri, wato kusan faɗin ƙwayar ranar kanta yadda ido ke ganinta. A Wales, da yake can arewa take sosai, bambancin ya ninka haka.

Abin nufi, idan mai awo a Damargu ko Abzin ya kuskure da digiri ɗaya kacal, ya ɓata lissafinsa da sama da shekara 8,000. Digiri ɗaya kuwa bai kai faɗin ɗan yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Ga shi duwatsun ba sassaƙaƙƙu ba ne, iska da rairayi da kofaton dabbobi sun daɗe suna gusar da su. Sannan babu mai tabbacin ko magina sun saita da lokacin da gefen rana ya fara leƙowa ne, ko da lokacin da ta fito gaba ɗaya. Idan kuma wata suka bi, lissafin ya ƙara rikicewa, domin iyakar fitowarsa na faɗaɗa tana tsukewa duk bayan shekara 18.6.

To, taurari fa?

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a sha’anin taurari. Bahaushe ya san Kaza da ’ya’yanta, ya san Zara da Gamzaki. Malamai na lissafa shekara da taurari 28, kowanne da kwana 13, ɗaya da 14, kuma da su ake ƙirga tafiyar damina. Madugan ayarin Abzinawa na da nasu sunayen, kamar Amanar, wato jagora.

Taurari sun fi rana saurin gusawa. Duniya na layi kamar katantanwa idan ta kusa faɗuwa, tana kammala zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000, abin da ke gusar da taurari kimanin digiri ɗaya duk shekara 72. Shi ya sa tauraron da ke nuna arewa a zamanin da aka gina dalar Masar, mai suna Thuban, ba shi ne na yau ba.

A nan matsalar yawa ce. Duk layin da aka ja a ƙasa, ba za a rasa wani tauraro mai haske da ya taɓa fitowa daidai da shi a wani zamani ba. Mai lissafi na iya zaɓar tauraron da ya dace da shekarun da ransa ke so. Ko a Masar, inda akwai rubutu da jerin sunayen sarakuna, da Kate Spence ta yi amfani da taurari biyu a 2000 ta ce an aza harsashin babbar dalar Giza wajen 2478 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu masana ba su gamsu ba.

Ƙashi ne ke ba da amsa

Hanyar da aka fi dogaro da ita ita ce gwajin kabon-14, wanda Ba’amurke Willard Libby ya ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1960. Duk mai rai na ɗauke da wannan sinadari. Da ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa na tafiya duk shekara 5,730. Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin irin wannan gwaji a Dakar tun a shekarun 1960.

A hamada akwai cikas, domin zafi da fari na lalata sashen ƙashin da aka saba gwadawa. Paris da abokin aikinsa Jean-François Saliège sai suka koma gwada ma’adinin da ke cikin ƙashin. Ta haka aka gano mafi tsufa cikin kaburbura masu siffar makulli na Emi Lulu, a can arewacin Nijar, sun haura shekara 5,000, wato sa’annin Bryn Celli Ddu ne ko ma yayyensa.

Irin wannan gwaji ne ya faɗi shekarun maƙabartar Gobero da ke Tenere, wadda tawagar Paul Sereno ta yi kiciɓis da ita a 2000 tana neman ƙasusuwan manyan halittun dā. An samu kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe, tare da ƙasusuwan dorina, kada da giwan ruwa. A ɗaya daga ciki, mace ce da yara biyu rungume da juna, tun kimanin shekara 5,300 da suka wuce.

Amfanin sanin inda suke kallo

Misali mafi kusa shi ne alƙibla. Masallacin da aka gina a Damagaram zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19 da wanda aka gina bara a Ollelewa waje ɗaya suke fuskanta. Baƙon da ya auna su ba zai san wanda ya girmi wani ba, amma zai gane masu su addini ɗaya suke bi, kuma akwai wurin da suka ɗauka da girma.

Haka abin yake ga idebnan. Idan kaburbura masu siffa ɗaya a kudancin Aljeriya, kudu maso yammacin Libiya da arewacin Nijar duk suna kallon ɓangare ɗaya, alama ce ta al’umma mai al’ada guda da ta bazu a faɗin Sahara a lokacin da hamadar ke da ciyawa da shanu. Wannan tarihi ne da babu shi a kowane kundi, kuma duwatsun kaɗai ke riƙe da shi.

Barazanar da ke tafe

Dutse ɗaya da aka gusar ya isa ya ɓata awon. A Nabta Playa da ke kudancin Masar akwai ɗan zagayen duwatsu mai kimanin shekara 7,000, wanda masana suka danganta da fitowar rana a wani rahoto na 1998. Bayan labarinsa ya bazu, masu ziyara suka riƙa taɓa duwatsun suna sauya musu wuri, har ta kai hukuma ta kwashe su zuwa gidan tarihin Nubiya da ke Aswan.

Nijar ma ta ɗanɗana. Maƙabartar Bura da aka gano a 1975, wadda Boubé Gado ya haƙa a 1983, ta yi suna har masu haƙar sata suka far wa yankin, tukwane da mutum-mutumin ƙasa suka kwarara kasuwannin ƙetare. Tun daga 2014 kuma, da aka gano zinare a Jado, dubban matasa suka kwarara arewa da na’urorin neman ƙarfe, wasunsu ta wannan hanya ta Tanut. Ga mai neman arziki, tulin duwatsu a tsakiyar daji na iya kama da ma’ajiyar dukiya. Alhali abin da masu bincike suka saba samu a ciki bai wuce ƙasusuwa, duwatsun ado da ɓaraguzan tukwane ba. Mai haƙa na komawa hannu rabbana, amma ya lalata ƙashin da zai faɗi shekaru da jerin da zai nuna alƙiblar masu shi.

Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yunin 1997 ta sa irin waɗannan wurare ƙarƙashin kariyar hukuma, kuma haƙa su sai da izini. Cibiyar binciken IRSH ta Jami’ar Abdou Moumouni da ke Yamai ce ke da sashen da ke wannan aiki.

Matashin da ya ci karo da irin wannan jeri a kiwo ko a tafiya yana da abin taimako a aljihunsa. Wayarsa za ta ɗauki hoto ta kuma nuna lambobin wurin a taswira, sai ya sanar da maigari ko magajin gari ba tare da ya ɗaga ko dutse ɗaya ba. ’Yan Damargu da ke ci-rani a Kano, Tamanrasset ko Turai su ma za su iya leƙawa ta Google Earth, inda manya daga cikin kaburburan ke fitowa sarai a hotunan tauraron ɗan’adam.