Tsufa Daban, Ciwo Daban

Idan dattijo ya fara jan ƙafa, ko ganinsa ya dusashe, ko ya yawaita tashi fitsari cikin dare, abin da iyali suka fi saurin faɗa shi ne, "Ai tsufa ne." Wannan magana tana jawo asara babba, domin tana cakuɗa abubuwa biyu: raunin da shekaru ke kawowa, wanda babu makawa, da cututtukan da ke fakewa a bayansa, waɗanda galibinsu ana iya jinkirta su ko a shawo kansu.

Tsufa yana da tushe a cikin ƙwayoyin halittar jiki. A 1961 wani masani a Amurka, Leonard Hayflick, ya nuna cewa ƙwayar jikin ɗan Adam takan rabu kamar sau 50 ne, sannan ta tsaya. Daga baya aka gano cewa wani ɗan marfi a bakin zaren gadon da ke cikin ƙwayar, kamar ƙullin da ake yi wa bakin igiya don kada ta warware, yana raguwa duk sa'ad da ƙwayar ta rabu. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa ciwo jinkirin warkewa a jikin tsoho. Har yau ba a tabbatar da wanda ya zarce Jeanne Calment ta Faransa ba, wadda ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Amma abin damuwar ba yawan shekarun ba ne, yadda ake ƙarasa su ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna matsakaicin tsawon rai a duniya ya kai shekara 73, amma kusan 10 daga ciki cikin rashin lafiya ake yin su. Hawan jini, ciwon sukari da ciwon zuciya suna cikin manyan masu cinye waɗannan shekaru. Hawan jini kan daɗe yana lalata jijiyoyi ba tare da wata alama ba, sai rana ɗaya baki ya karkace, hannu ya saki.

Wani zai ce ai gado ne. Binciken tagwaye a Denmak ya nuna gado bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin tsawon rai ba. Sauran ya rataya ga abinci, muhalli da kulawa. Wani kuma zai ce kowa da ajalinsa. Gaskiya ne, sai dai neman magani ba jayayya da ajali ba ne, ƙoƙari ne kada mutum ya ƙarasa kwanakinsa a kwance. Maganar tsada kuwa, shan ƙwayar hawan jini kullum bai kai ɗawainiyar jinyar shanyewar ɓarin jiki ba. Rage gishiri zuwa ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a rana, tafiyar minti 150 a mako da barin taba ba sa cin ko sisi.

Don haka duk gidan da ke da dattijo, a kai shi awon jini da sukari tun yana kan ƙafafunsa. Haƙƙinsa ne a kan 'ya'yansa, daidai da ci da sutura.