Inshorar Lafiya ta Gwamnati da Tsofaffi a Nijeriya: Matakan Farko na Shiga Tsarin

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyin da dattijo zai bi ya shiga tsarin inshorar lafiya na gwamnati a Nijeriya, da abubuwan da ya kamata shi ko mai kula da shi su sani tun kafin su nufi ofishin rajista. Abin da ya jawo hankalin marubucin ga wannan batu shi ne rashin lafiyar mahaifinsa. A lokacin da hawan jini ya kwantar da tsohon a gida Arewa, marubucin yana bakin aiki a Kudu, yana kuma zaton katin inshorarsa na ma'aikacin tarayya zai wadatar. Sai da aka je biyan kuɗi ya gane cewa iyaye ba sa cikin waɗanda katin ya ƙunsa. Wannan kuskure ne da duk ma'aikacin da ya baro iyayensa a gida zai iya faɗawa ciki.

2.0 Ma'ana da Taƙaitaccen Tarihi

Inshorar lafiya tsari ne da jama'a ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya tun suna da lafiya, domin a ɗauki nauyin wanda ciwo ya kama daga cikinsu. Ta yi kama da adashi ta fuskar zubi, amma ta bambanta da shi ta fuskar kwasa, domin a nan lalura ce ke zaɓen wanda zai amfana. Saboda ɗari-ɗarin da wasu ke yi da kalmar inshora ta fuskar addini, jihohin Arewa da dama sun gwammace su kira tsarin nasu na gudummawa ko taimakekeniya.

Dokar soja mai lamba 35 ta 1999 ce ta kafa tsarin NHIS, amma bai fara aiki ba sai a 2005, inda aka soma da ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta kafa Asusun Kiwon Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta soke ta baya, ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA. Wannan doka ta wajabta inshorar lafiya ga kowane mazaunin ƙasa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, waɗanda tsofaffi ke cikin jerinsu.

Ya kamata a lura cewa wasu ƙasashe sun ɗora tsarinsu kai tsaye a kan shekaru. A Amurka, shirin Medicare da aka kafa a 1965 yana karɓar wanda ya kai shekara 65. A Gana, inda aka yi dokar inshora a 2003, an ɗauke wa ɗan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin zubi. A Nijeriya kuwa, tsufa kaɗai ba ya sa mutum a cikin tsarin. Dole sai an yi masa rajista ta ɗaya daga cikin ƙofofin da za a kawo.

3.0 Ƙofofin Shiga

3.1 Ƙofar Ma'aikaci

Tsarin ma'aikata ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Iyaye ba sa shiga sai an yi musu rajista a matsayin ƙarin iyali, tare da biyan kuɗi na daban. Haka kuma wannan kariya tana tafiya ne da aiki, don haka wanda ke dab da ritaya, ko a shekara 60 ko 65 ko 70 gwargwadon muƙaminsa, ya kamata ya binciki makomar katinsa tun kafin ya ajiye aiki.

3.2 Ƙofar Biya da Kai

NHIA tana da shiri mai suna GIFSHIP, wanda aka yi domin ɗaiɗaikun mutane da iyalai da ƙungiyoyi da 'yan fansho. Ana biyan kuɗin shekara guda, ana kuma sabuntawa. Muhimmancinsa ga wanda ke aiki nesa da gida shi ne ɗa na iya biya wa iyayensa daga inda yake. Adadin kuɗin yana sauyawa, saboda haka a ji shi daga ofishin hukumar da ke babban birnin jiha.

3.3 Ƙofar Jiha

Jihohi suna da nasu hukumomin, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna da LASHMA a Legas. Ta hannunsu ake yi wa marasa galihu rajista kyauta da kuɗin asusun 2014, galibi a cibiyar lafiya ta mazaɓa. Sai dai guraben suna da iyaka, ba kowane tsoho ke samu ba.

4.0 Matakan Rajista

Mataki na farko shi ne tanadar takardu, musamman lambar shaidar ɗan ƙasa da hoto da shaidar shekaru. A nan ne matsalar suna ke kunno kai. Dattijon da aka sani da Mamman yana iya zama Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata. Tsohuwar da alkunya ta sa ake kira Kulu ko Iya tana iya kasancewa Hauwa'u a rajista. Na'ura ba ta san alkunya ba, kuma bambancin harafi ɗaya na iya tsayar da mutum a bakin asibiti. Wajibi ne a daidaita rubutun suna da ranar haihuwa a duk takardun kafin a ci gaba.

Mataki na biyu shi ne zaɓen asibitin farko, wanda nan ne tsohon zai riƙa zuwa a duk lokacin da ya ji ba daidai ba. A zaɓi na kusa da inda yake zaune, ba na garin da ɗansa ke aiki ba. Idan kuwa yakan yi watanni a wurin 'ya'yansa a wata jiha, a tambayi yadda ake sauya asibiti, da ko katin jiha zai yi aiki a wajenta.

Mataki na uku shi ne sanin wa'adin jira. Ba ranar da aka biya ake fara cin moriya ba. Akan ɗauki lokaci kafin suna ya isa asibiti. Wanda ya bari sai ciwo ya kwantar da tsoho ya makara.

Mataki na huɗu shi ne fahimtar iyakar abin da tsarin ya ɗauka. Ganin likita da gwaje-gwajen yau da kullum da magungunan da ke cikin jerin hukuma suna ciki, amma a tsarin tarayya majinyaci yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Zuwa wurin ƙwararren likita yana buƙatar takardar turawa daga asibitin farko da lambar amincewa daga hukuma ko kamfanin da ke tsakani. Wanda ya tsallake wannan ya tafi babban asibiti da kansa, in ba a halin gaggawa ba, yana iya biya daga aljihunsa. Ayyuka masu tsada, kamar wankin ƙoda da maganin ciwon daji, suna da ƙa'idoji na musamman, don haka a nemi bayaninsu a rubuce.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa doka ta ambaci tsofaffi, amma shigarsu ta rataya ne a kan rajista da daidaiton takardu da sabunta biya a kan kari. Cututtukan tsufa irin su hawan jini da ciwon suga ba sa warkewa da zuwa ɗaya, kuɗinsu na wata-wata ne ke karya iyali. Shawarar marubucin ga wanda ke nesa da iyayensa ita ce ya keɓe kwana biyu daga hutunsa na gaba ya kammala musu rajista, ya kuma wakilta wani a gida da zai riƙe katin, ya san ranar ƙarewarsa, ya kuma iya yi wa tsohon bayanin haƙƙinsa da harshen da yake ji.